Layin da Rakiyatu Ta Taso

Rakiyatu da mijinta Alhaji Sha'ibu, mutumin Maradi, suna da shagon atamfa a Kasuwar Assihar, a wani gari can arewa cikin hamada. Kowa ya san ta da Bakatsiniya, amma ba kowa ya san a Ingila ta yi ƙuruciya ba, a wata unguwa da ke bayan garin Leeds, lokacin da mahaifinta yake karatun likita. Tana firamare suka dawo gida, ba ta sake komawa ba.

Wata rana da hantsi wata dattijuwar Baturiya, wadda ta sauko daga yawon buɗe ido a dutsen Assekrem, ta tsaya a shagon tana ta fama da Faransanci. Rakiyatu ta amsa mata da Turanci. Matar ta yi sakato.

"'Yata, a ina kika samo wannan harshen? Ai kamar maƙwabciyata nake ji."

Rakiyatu ta yi dariya ta ba ta kujera, Alhaji ya ɗora shayi. Nan hira ta ɓarke. Rakiyatu ta ba ta labarin gidajen jan bulo da ke jere, kowanne da ɗan lambunsa a gaba, da mai madara da ke ajiye kwalabe a bakin ƙofa, tsuntsaye su riga kowa huda murfin. Ranar Lahadi maza su fito wankin mota, yara kuma su cika layin da kekuna har iyaye su gaji da kira. Ta fi daɗewa a kan maƙwabciyarsu, Misis Pedley, tsohuwar da ta koya wa mahaifiyarta saƙa rigar sanyi. Da azumi, rana ta ƙi faɗuwa, tsohuwar takan leƙo ta saman shinge da kwanon tuffa, ta ce, "Har yanzu Allahnku bai sallame ku ba?"

Baturiyar ta tambayi sunan layin, ta lalubo hotonsa a wayarta. Gidan su Rakiyatu yana nan. An sake wa ƙofar fenti, lambun kuma an shafe shi da siminti ana ajiye mota. Rakiyatu ta daɗe tana kallo.

Alhaji ya leƙo ta kafaɗarta. "Hajiya, wannan ɗan gidan ne kike ta ba ni labari kamar gidan gwamna?"

"Ni ma yanzu nake ganin ƙanƙantarsa, Alhaji," ta ce. Ta ɗora yatsa a kan tagar sama. "Ga ɗakina nan."

Matar ta zaɓi atamfa shuɗiya, ta yi alkawarin in ta koma za ta bi ta layin. Rakiyatu ta raka ta har bakin titi, sannan ta dawo ta kira mahaifiyarta a Katsina. Suka yi ta hira har aka kira azahar.