Bindiga a Cikin Burodi

Kukan da ya tashi Toader a daren nan bai yi kama da na wata dabba da ya sani ba. Ya fi kama da tsohuwa mai rera waƙar makoki bakinta cike da abinci: ta yi gunji, ta haɗiye, ta sake ja. Ya yi lamo a bukkarsa ta katako can saman dutse yana saurare, har ya fara tunanin ko marigayiya matarsa Anica ce ta dawo duba zumarta. Sai da ya ji katako ya tsage sannan ya gane. Dattijo ne. Mutanen ƙauyen ba sa kiran beyar, ƙaton naman dajin nan mai gashi da farata, mai son zuma, da sunansa a cikin daji, wai yana ji, kuma ba ya son raini.

Da gari ya waye ga amya biyu a farfashe, an lashe saƙar tas, ƙudan zuma na ta shawagi a kan tarkacen kamar mutanen da gobara ta cinye wa gari. A cikin laka ga sawu nan, yatsu biyar, sai ka ce wani ƙato ya tuɓe takalmi ya zo sata. Toader ya daɗe yana kallonsa. Tun yana yaro yake jin ana cewa Dattijo a da mai niƙan gari ne, ya yi algus aka la'ance shi ya koma dabba. Bai taɓa yarda ba, bai kuma taɓa ƙaryatawa ba.

Amyoyin nan su kaɗai suka rage masa. 'Ya'yansa suna Italiya suna jinyar tsofaffin wasu, Anica tana kwance a bayan coci. Dajin kuwa na gwamnati ne. Da izini ake kai amya ciki lokacin furanni, kuma izinin da sharaɗi: ba tarko, ba bindiga.

Ya sauka gari, ya je ofishin gandun daji.

"Baba, in ya sake zuwa ka buga waya," in ji yarinyar da ke bayan tebur.

"Can sama waya ba ta kamawa, 'yata."

"To ka buga gwangwani, ba ya son ƙara."

"Na buga. Zama ya yi ya saurara, da na gaji ya ci gaba da cin abincinsa."

Ya tambayi zancen bindiga. Ta ce sai likitan ido ya duba shi, sai likitan kai, sai ya ci jarrabawa, kuma ko ya samu lasisin, shi Dattijo doka ta kare shi. Toader ya ce, "Ni fa, wa ya kare ni?" Aka yi dariya, don an ɗauka raha yake yi.

Da ya koma gida ya hau tsani ya zaro wani ƙunshin tsumma daga cikin rufin ɗaki. Ƙaramar bindigar mahaifinsa ce, ta zamanin yaƙi. Ba kisa ya nufa ba. So yake ya harba sama sau ɗaya, Dattijo ya san akwai mai gida. Damuwar ita ce hanya, don tun da ɓarayin katako suka yi yawa ake tare mutane ana zazzage jaka. Amma ba wanda ke binciken burodi. Maƙwabciyarsa Paraschiva takan gasa masa babba, zagayayye, mai ɓawo kamar bayan kunkuru. Ya yanke da'ira a gindinsa, ya ƙwaƙule cikin ya cinye da madara, don ba a zubar da burodi. Ya cusa bindigar, ya mayar da murfin.

A idon ruwan da ke rabin hanya ya iske mutum biyu zaune. Ɗaya Sorin ne, malamin daji, ɗan amininsa, wanda shi Toader ya riƙe a hannu ranar baftisma. Ɗayan baƙon jandarma ne, matashi, da 'yar kyamara maƙale a ƙirji.

"Baba Toader! Ashe har yanzu Dattijo bai cinye ka ba?"

"Ya ɗanɗana, ya ce na yi tauri. Mai tumbi irinka yake jira."

Sorin ya yi dariya ya matsa masa. Cuku da albasa ne a gabansu a kan dutse. Ya shaƙi iska. "Rantse ba burodin Inna Paraschiva ke cikin jakar nan ba. Namu ya ƙare tun safe, ga baƙona yana cin cuku gaya kamar maraya."

A duwatsun nan ba a hana mutum burodi, balle a bakin ruwa, balle ɗan da ka riƙe. Toader ya ce a ransa, ai gefe kawai zan yanka, daga sama. Ya fito da shi a hankali, ya buɗe wuƙa.

Hannunsa ne ya ci amanarsa. Tun ran da aka fara ba shi wuƙa bai taɓa yanka sabon burodi ba sai ya kifa shi ya zana alamar gicciye a gindi, kamar yadda uwarsa ke yi, da uwarta. Yana tsaka da tambayar Sorin lafiyar yara hannun ya juya burodin da kansa. Bakin wuƙa ya taɓa murfin, murfin ya goce. Ya yi saurin mayar da burodin daidai, bindigar ta sulluɓo ta faɗi tsakanin cuku da albasa. Burodin ma ya suɓuce, ya gangara cikin ciyawa.

Sorin ya ɗaga kai yana kallon saman itatuwa kamar an kira shi daga can.

"Baba, kada ka taɓa," in ji jandarman, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Haba ɗan'uwa, tsohon ƙarfe ne," Sorin ya ce. "Dubi harsashin, ya yi kore. Wannan ko kaza ba za ta tsorata ba. Mu jefa a kwazazzabo, kowa ya kama gabansa."

Jandarman ya nuna kyamarar ƙirjinsa da haɓa. "Wannan ta riga ta gani."

Ba mugun yaro ba ne. Shi ya je ya ɗauko burodin, ya hure ƙasar, ya sumbace shi kamar yadda al'adarsu take in burodi ya faɗi ƙasa, ya ajiye a kan dutse. Sannan ya ce Baba ya tashi su sauka.

Ba su kulle shi ba, saboda shekarunsa. Amma an janye izinin, an kuma hana shi taka dajin gwamnati har sai an gama shari'a, shari'ar kuwa kullum ana ɗagawa. Ya roƙa a bar shi ya sauko da amyoyin, aka ce ya aika wani. Hanyar ba ta mota ba ce, ta doki ce da gadon baya, kuma samarin ƙauyen duk suna inda 'ya'yansa suke. Waɗanda suka rage tsofaffi ne masu ciwon gwiwa.

Sai ya koma zaman bakin ƙofa. Daga nan ana hango dutsen, ganye ya fara yin ja daga sama yana saukowa. Wani lokaci ƙudan zuma ɗaya yakan sauka a hannun rigarsa, Toader ya tsaya cak yana numfashi a hankali, yana duba ko nasa ne. Yakan yi masa magana. Ƙudan ya tashi ya nufi lambun wani.

Wata safiya mai sanyi Sorin ya zo, hularsa a hannu, ya ƙi zama.

"Na hau dutsen jiya, Baba."

Toader ya ci gaba da kallon dutsen.

"Dattijo ya sake zuwa. Ba sau ɗaya ba. Akwai dai amyoyi 'yan kaɗan a tsaye, wajen bukka. Na ɗora musu duwatsu."

"Duwatsu," in ji Toader.

"An mayar da ni wani yanki daga gobe. Sun ce na yi kusa da maganar da yawa."

Paraschiva tana jingine da shingen da ya raba gidajensu, hannunta duk gari, ta ji komai. Ta dubi Sorin, ta dubi tsohon, ta dubi dutsen da hazo ya fara rufe kansa.

"To su waɗanda suka ragen," ta ce, "wa zai kwana da su?"