Kifin Gwamnati a Randar Dona Zulmira

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin duba-gari a ofishin yaƙi da cutar shawara, amma babu gidan da ya ba ni ciwon kai kamar na Dona Zulmira. Ga shi ita ta riƙe ni ranar baftismata, don haka Inna nake ce mata. Ita kuwa ba ta taɓa kira na Belarmino ba, sai "ɗan Ambrosina", da sunan mahaifiyata, ko da ina cikin kakin gwamnati.

A 1933 ne, a garinmu a Burazil. Kowane mako muna shiga kowane gida a garin, mu leƙa duk inda ruwa ya kwanta, daga randa har kaskon kaji. Tsutsar sauro muke nema. Tun ba a haife ni ba likitoci a Havana suka gano sauro ne ke ɗaukar shawara daga jikin wani ya kai wa wani, amma je ka faɗa wa tsofaffin garinmu! Su dai iskar jiragen ruwan Recife ce, ko kuma kayan mamaci.

Dokar da aka ba mu gajera ce. In an ga tsutsa sau ɗaya, a zubar da ruwan a wanke. Sau biyu, a saka kifi, irin ƙananan nan da muke yawo da su a bokiti, ya cinye ta. Sau uku, guduma.

Randar Inna ta kai ƙirjina. Mijinta Firmino, maginin tukwane, shi ya gina ta da hannunsa. Shawara ta ɗauke shi cikin kwana shida, shekara ashirin kafin nan, aka kwashe tufafinsa da ragar kwanciyarsa da hularsa aka ƙone a bayan gida. Randar ce kaɗai ta rage mata. Ruwanta kuwa sanyi ƙarara, har maƙwabta ke zuwa da moɗa.

Da na ga tsutsa karo na biyu, sai na kawo kifi.

"Wannan fa?" in ji ta.

"Kifi ne, Inna. Na gwamnati."

"Gwamnati ta rasa abin aiko mini sai kifin da bai kai ɗan yatsa ba? Ko miya ba zai yi ba."

"Ba na miya ba ne. A randa zai zauna."

Ta leƙa bokitin. "Allah sarki, dubi yadda ya rame. Haka kuke barin ma'aikatanku?" Ta ƙare mini kallo daga hula zuwa takalmi. "To, kai ma ga ka nan."

Mako ya zagayo, na haska randar da madubi. Tsutsa ce fal tana wutsil-wutsil, kifi kuwa yana gefe ko a jikinsa. Karo na uku ke nan. Ban rubuta ba, kuma yau ne na fara faɗa wa wani. Na ce wataƙila malalaci na kawo, na canza shi da wani mai zafin nama. Bayan mako ɗaya shi ma ya yi tumbi, tsutsa na wucewa ta gaban hancinsa yana kallo. Wanki ba ya magani, don ƙwan sauron yana manne a jikin yumɓu, ana zuba ruwa zai ƙyanƙyashe.

Ana cikin haka aka ce Seu Tibúrcio, babbanmu mai bin sawunmu yana sake duba gidajen da muka duba, zai bi layin Inna ranar Juma'a. Mutumin da ya fasa randar surukarsa tana tsaye! In ya ga tsutsa, randa ta tafi, ni ma na tuɓe kaki. Gaba kura, baya sayaki.

Na ce ruwa ba ya tsami banza. Ranar Asabar da tsakar rana na shiga ta ƙofar baya ba sallama. Me zan gani? Inna ta duƙa a bakin randa tana marmasa gwaiduwar ƙwai da garin rogo.

"Ci, Likita, ci. Kada ka ji kunya, nan gidanku ne."

"Inna!"

Ta zabura. "Ja'iri! Haka aka koya maka shiga gidan mutane?"

"Abinci kike ba shi?"

"A'a, wa'azi nake masa. Sau uku a rana, mana. Na farkon ma da ka ɗauke, ya fara murmurewa ke nan."

"Ai in ya ƙoshi ba zai ci tsutsar ba! Don ita aka kawo shi!"

Ta dafe ƙirji. "Tsutsa? Baƙo ya sauka a gidana, baƙon gwamnati ma, in bar shi da tsutsa? Me garin nan zai ce da ni? Kai, ɗan Ambrosina, lallai na yi sake da tarbiyyarka."

Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan faɗi abin da zan yi nadama. Allah ya taimake ni na haɗiye. Na ɗauki kofin gilashi na ɗebo ruwan da tsutsarsa, na ɗaure bakin da tsumma, na ajiye a kan tebur kusa da gicciyenta.

"Kada ki buɗe. Zan dawo Talata."

Da na dawo na same ta zaune gaban kofin, ko murhu ba ta hura ba. Sauro huɗu ne a ciki suna manne da tsumman, baƙaƙe masu zanen fari a ƙafa.

"Da idona na ga ɗaya ya fito," ta ce. "Ya tsaga bayan abin ya fito, ya tsaya a kan ruwa yana shanya fiffike." Ta matso da kofin gabanta. "Na san irinsu. Su ne masu cizo da rana. Firmino a gindin randar nan yake hutawa in ya gaji, yana ta marin ƙafarsa."

Ta ɗago kai ta dubi randar.

"Muka ƙone hularsa," ta ce. "Hular da ba ta yi wa kowa komai ba. Muka bar wannan." Ta miƙo hannu. "Ba ni gudumar."

Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Na kai hannu baya na dafe jakata.

"Ba zan bayar ba. Randa ba ta da laifi, Inna, ruwa kawai ta sani. Ga mai rama miki nan a ciki, ke kika cika masa ciki."

Ta janye hannunta. Sannan ta tashi ta leƙa randar.

"Likita," ta ce, "hutu ya ƙare."

Kwana ukun nan duk layin ya sha dariya. Inna ta ce ba za ta iya cin abinci a gaban mai jin yunwa ba, sai ta riƙa ɗaukar kwanonta ta tafi ƙofar maƙwabciya ta ci a can, ta goge baki tas kafin ta dawo. In ta wuce randar sai ta kau da kai tana cewa, "Yi haƙuri, aiki ne." Daga nan ta bi gida-gida tana binciken wa ke ba nasa kifin abinci. Ta kama mutum bakwai! Ashe rabin wahalar da nake sha a layin nan karamci ne.

Ranar Juma'a Seu Tibúrcio ya iso, fuska a murtuke, guduma a rataye a ƙugu. Ko gaisuwar kirki bai yi ba, ya zura tocila a randa. Ya duba tsakiya, ya duba gefe, ya karkata kai ya sake dubawa. Ni dai ina jin zufa na bin bayana. Kifin ya wulga ta cikin hasken, siriri, sai zarya yake.

"Wa ke kula da kifin nan?"

"Ni ce," in ji Inna.

"Me kike ba shi?"

"Ko ƙwayar gari!" Ta faɗa da alfahari.

Ya kashe tocila, ya je bayan ƙofa inda takardar gidan take manne, ya sa hannu. "Babu komai. Da haka kowace randa take a Burazil, da na koma noma."

Inna ta daka tsalle kamar yarinya, ta kama hannunsa ta juya shi sau biyu a tsakar ɗaki, guduma na dukan cinyarsa. Ya ce yana da sauran gidaje goma sha biyu. Ta ce ko ɗari ne, ba mai fita. An hana ta ciyar da baƙo ɗaya, to ga biyu Allah ya kawo. Ta jere mana wake da busasshen nama, da wainar rogo, da kofi mai zafi, ta tsaya a kanmu. Na ga Seu Tibúrcio, dodon duba-gari, yana roƙon a yi masa afuwa a kwano na uku. Ban taɓa jin daɗin aikina irin na ranar ba.

Muna cikin ci ta ɗauki moɗa za ta ɗebo mana ruwa. Da ta isa, sai ta ɗora tafin hannunta a jikin randar, ta yi ƙasa da murya, amma na ji ta, da Firmino take magana.

"Tsoho, ka ji ko? An ce randarka lafiya lau. Kowa ya zo ya sha, ba za ta ƙara ɗaukar kowa ba."