Ɗigo Uku a Gefen Gilashi

"In ƙarfe huɗu ta buga ban fitar da takardar Hedimasta ba, ku sa wa shagon nan kwaɗo, ku kai wa uwarku makullin. Na gama."

Baba ya ajiye makullin a kan tebur, kusa da firinta. Shekara talatin da ɗaya yana buga wa mutane takardu a wannan ɗan shago, tun zamanin tafireta, bai taɓa furta irin wannan magana ba. Auta ta dubi yayanta, wanda gida kaf ke kira Injiniya, ta harare shi. Agogon bango ya nuna biyu da rabi.

Laifin nasu ne su biyun. Tsohuwar kwamfutar Baba ta kai sai ka sha shayi ka wanke kofi kafin ta buɗe, shi ne da safe suka share komai suka sa mata Linuks, tsarin nan na kyauta da kowa ke iya gyarawa. Shi kuwa Linuks inji ɗaya ne, amma fuskokinsa da yawa, kai za ka zaɓi yadda tagogi da maɓallai za su zauna. Injiniya ya zaɓi ta zamani, wadda sai ka tura 'yar kibiyar da ake dannawa da ita can ƙuryar sama sannan komai ya bayyana.

Ɗazu da Baba ya zauna, sai ya kai kibiya ƙasa ta hagu, ya danna. Shiru. Ya matsa dama kaɗan, ya sake dannawa. Ba komai a wurin sai hoton tsauni.

"Baba, sama za ka duba," in ji Injiniya. "Ga shi can, rubutu ɓaro-ɓaro."

"Na gani," in ji Baba, amma bai ɗaga kai ba. A nan ne ya ciro makullin. Da ya ajiye shi sai ya ɗauki hularsa ya ce zai sha iska.

Ko labulen ƙofa bai gama kaɗawa ba Auta ta fara. "Na faɗa maka, Yaya! Wannan fuskar taka ta 'yan gayu ce. Mu sa mara nauyin nan, kwamfutar ta girme ni."

"Wacce? Mai kama da allon asibiti? Ke dai ba ki son ci gaba."

"Ci gaban da ya kori Baba daga shagonsa?"

"Kwana biyu zai saba."

"Awa ɗaya da rabi gare mu, Malam Kwana Biyu."

Injiniya ya ja tsaki, ya zauna a kujerar Baba, don huce haushi ya shiga kankare wani farin tabo a baƙin gefen gilashin kwamfutar da farcensa. "Dubi datti ma. Har uku."

Auta ta kama hannunsa. Ya riga ya cire na tsakiya. Ta sunkuya ta duba sauran biyun. Ɗigo ne na farin ruwan goge kuskure, irin wanda Baba ke ajiyewa a aljihun tebur tun lokacin tafireta, an ɗiga su a jere a ƙasan gilashin, tsaf, ba bisa kuskure ba.

"Yaya," ta ce a hankali, "me ke saman ɗigon farko a tsohuwar fuskar?"

"Maɓallin buɗe komai."

"Na biyu?"

"Wurin rubutu. Na uku kuma..." Ya juya ya kalli firinta.

Baba bai taɓa kallon yatsunsa in yana bugu ba, wannan kowa ya sani, har alfahari suke da shi. Abin da ba su sani ba shi ne ƙananan hotunan nan sun daina ganuwa gare shi. Farin ɗigo a kan baƙi yake bi, ya daidaita kibiya, ya danna. Ko Umma bai gaya wa ba.

"Ni kuma na ce masa ɓaro-ɓaro," in ji Injiniya, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ka yi kukan daga baya. Wace fuska ce ke barin mutum ya ajiye komai inda ya ga dama?"

"Akwai wata ta uku. Amma saitinta ya fi dubu, Baba zai ɓace a ciki."

"Mu za mu ɓace. Shi danna uku kawai zai yi."

Suka hau aiki. Injiniya na sauko da ita yana roƙon intanet kamar mai lallashin jariri, Auta na riƙe da rula a jikin gilashi. Suka dawo da layin maɓallai ƙasa, suka ja kowane hoto har ya zauna daidai saman ɗigonsa, suka ƙara wa kibiya girma, suka kulle komai kada ya motsa. Injiniya da kansa ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko 'yar kwalbar, ya mayar da ɗigon da ya kankare.

Uku da rabi Baba ya ɗaga labule. Ya zauna, ya kai kibiya hagu, ya matsa kaɗan, ya danna. Farar takarda ta buɗe. Ya daɗe yana kallonta.

"Auta, karanto min rubutun Hedimasta. Hannunsa kamar tafiyar kaza."

Ta karanta, yatsunsa suka kama ruwan bugu. Huɗu saura minti bakwai firinta ta yi tari ta turo takarda.

Baba ya shafa gefen gilashin, ya ɗago yatsa, ga fari a jiki.

"Wannan na tsakiyan bai bushe ba."

"Ni ne, Baba," in ji Injiniya.

"Ya karkace."

"Baba," in ji Auta, "jibi zan kai ka a duba idon."

Ya goge yatsan a gefen riga, ya miƙa hannu ya ɗauki makullin ya jefa a aljihu.

"Sai bayan an tashi aiki. Ina da takardu biyar ranar."