Maɓallin Da Ba Ya Ƙara

Kimeu ya daɗe yana faɗa da wata 'yar ƙara. Manhajar sauti yake rubutawa a ɗakinsa da ke unguwar Kayole, kuma duk sanda aka murɗa maɓallin ƙarfin murya a fuskar kwamfuta, sai lasifika ta yi ƙwas. Daga baya ya gano cewa lambar ƙarfin muryar ce ke tsalle daga wuri zuwa wuri. Sai ya koya mata tafiya. Ko da fizga aka murɗa, sautin silalewa yake yi, kunne bai san an taɓa shi ba.

Barasa, shugaban makaɗan benga da ke wasa ran Lahadi da la'asar a wurin gasa naman akuya, shi ya fara gwadawa. Ya yaba, sannan ya tambaya ko silalewar za ta iya ɗaukar tsawon waƙa guda. Kimeu ya ce wannan ba wani aiki ba ne, ya yi masa.

Sai da ya je kallo ya gane dalili. Mzee Ogutu, dattijon da ya kafa ƙungiyar, muryarsa ta dushe. Da an fara waƙa Barasa yakan murɗe maɓallin tsohon, muryarsa ta yi ta nutsewa, ta Juma mai amshi ta hau kanta. Tsohon yana jin murya mai kauri daga lasifika, yana lumshe ido, yana zaton tasa ce.

Kimeu ya tare Barasa a bayan rumfa ya ce wannan cuta ce. Barasa yana suɗar yatsu, ya ce ya kori tsohon ne, ko ya zage shi?

"Kai malamin waya, ci namanka. Tsoho na murna, jama'a na rawa. Wa aka cuta?"

Tambayar ta zauna wa Kimeu a ƙirji. Ya juya ta, ya juya, ya tsaya a kan cewa mutum yana da haƙƙin sanin abin da ake yi masa. Ya kuma tabbata idan jama'a suka ji an yanke muryar tsohon, ba za su yarda ba. Ya ce wa Barasa akwai gyara, ya karɓi kwamfutar, ya cire silalewar.

Lahadin da ta biyo, Mzee Ogutu ya ɗaga baitin farko, Barasa ya murɗa kamar kullum. Lasifika ta yi ƙwas. Muryar ta yanke a tsakiyar kalma, ta Juma ta ci gaba ita kaɗai.

Kimeu ya waiga yana jiran hayaniya. Wata mata tana neman a ƙaro mata tuwon ugali. Masu rawa ba su ko ɗago kai ba. Mutum ɗaya ne ya ji. Tsohon ya buga makirufo da yatsa, ya dubi Barasa, ya dubi Juma, ya daina rerawa. Waƙar ba ta ragu da komai ba. Da aka gama, tafin ya yi daidai da na kullum.

Barasa ya wuce Kimeu yana dariya, ya ce shi dai a hankali yake yankan tsohon.

Tsohon ya sami Kimeu yana naɗe waya. Ya tambaye shi tun yaushe ake yi masa haka. Kimeu ya ce tun damina. Tsohon ya gyaɗa kai.

"Ɗana, za ka iya mayar da shi yadda yake?"

Kimeu ya ce zai iya.

"To mayar. Su dai kada su ji ƙarar."

Ya mayar. Mzee Ogutu yana zuwa duk Lahadi da farar kwat ɗinsa, ya tsaya a gaba. Ba ya lumshe ido yanzu. Hannun Barasa yake kallo, da ya ga ya motsa sai ya daina wahalar da maƙogwaro, ya bar leɓɓansa suna bin Juma.