Sanda Mai Lamba Bakwai

Shekara ashirin da tara mijinta ya yi yana tuƙa motar yankan ciyawa a filin golf da ke bayan gari, amma ita ba ta taɓa taka filin ba sai bayan da ciwo ya kayar da shi. Ita tela ce. Keken ɗinkinta na ɗakin gaba, kusa da taga, kuma iyakar abin da ta sani game da wasan shi ne wandunan da yake dawowa da su kore shar a gwiwa, da wata tsohuwar jakar sanduna da ke jingine bayan ƙofa. Ran Litinin ake rufe wa 'yan kulob filin, a bar wa ma'aikata su buga nasu. A nan Direba, kamar yadda kowa ke kiransa, ya koyi wasan har ya zama ana shakkarsa.

Hawan jini ne ya buge shi wata safiya yana ɗaure takalmi. Ɓarin hagu ya saki. Ya yi wata biyu a asibiti, ya yi kusan shekara a gida yana koyon riƙe cokali da taka ƙafa. Baki ya dawo, hannu ma ya dawo, sai dai ba duka ba. Da likita ya ce ya riƙa tafiya mai ɗan nisa, Direba ya ce shi ba zai dinga zaga unguwa kamar wanda ya yar da makulli ba. In tafiya ce, a filinsa zai yi ta. A wurin aiki sun sallame shi cikin mutunci, sun kuma ce Litinin ɗinsa tana nan. Jakar ce matsala. Ba zai iya saɓa ta ba, ko a kan 'yar amalankenta ba zai iya ja ba, ga Auta, 'yarsu, tana wurin aiki sai yamma. Tela ta rufe kekenta da ƙyalle, ta ce ita za ta ja.

Abokin wasansa shi ne Makanike, mai gyaran injinan filin, wani dogo mai surutun tsiya wanda tun aurensu yake kiranta matarmu. Shi ya yi mata karatun farko suna tafe. Ya ce kowace sanda akwai lamba a ƙasanta, kuma abin a juye yake: ƙaramar lamba ta fi tsawo, ta fi kai ƙwallo nesa, babbar lamba kuwa sama take cilla ta, ta sauka kusa. Bugun farko na ƙarfi ne, kowa ya iya. Bugu na biyu, wanda ake so ƙwallo ta sauka a kan lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, wadda ma'aikata ke kira darduma, shi ke raba gwani da ɗan koyo. Sai mutum ya san nisan da ya rage, ya san sandar da za ta kai. Da ta ji ashe da yadi ake auna nisan, ta yi dariya, ta ce ashe gidanta aka zo.

Ramuka biyar na farko sun wuce lafiya. Direba yana jan ƙafa, amma fuskarsa ta saki yadda ta manta rabon da ta gani. A rami na shida akwai tafki shimfiɗe a gaban darduma, da wani farin turke a gefen hanya mai nuna saura yadi ɗari da hamsin zuwa rami. Shi da kansa ya kafa turken shekarun baya. Bayan bugun farko, ƙwallonsa ta tsaya daidai wurin. Bai ko dubi tutar da ke kafe a ramin sau biyu ba, ya miƙo hannu ya ce ta ba shi bakwai.

Bugun ya yi kyau, ita ma da ba ta san wasan ba ta ji ƙararsa ta yi daɗi. Ƙwallon ta tashi sak, ta nufi tuta, sannan ta sauko tsakiyar ruwa. Makanike ya ce iska ce. Ba wata iska, ko gefen gyalenta bai motsa ba.

Litinin ta biyu haka, ta uku ma haka. Kullum bakwai, kullum ruwa. Ranar ta ukun da suka koma gida bai ci abincin kirki ba, ya zauna a kujerar bakin ƙofa yana matsa hannun hagun da na dama, kamar mai tuhumarsa. Auta ta tambaye shi yaya wasa, ya ce lafiya. Tela tana jin su daga kan keke, ta ɗinka hannun riga a baibai, sai da ta farke.

Washegari ta shimfiɗa tef ɗinta a tsakar ɗaki, ta yi alama da alli, ta dinga takawa tana komowa har ƙafarta ta haddace taku ɗaya yadi ɗaya. Tun daga nan duk bugun da ya yi, tana jan jaka tana ƙirga takunta a zuci har inda ƙwallon ta faɗi. In ta ga hankalinsa na wani wuri, sai ta rubuta a bayan wani kwalin maɓalli da ta soke a jakarta. Cikin mako uku ta gane abin da take zargi. Bakwai ɗinsa ba ta wuce yadi ɗari da goma sha biyar. Ruwan kuwa daga turke sai an ci ɗari da talatin da biyar kafin a tsallake shi.

Ta rasa ta inda za ta faro masa maganar. Mutumin da sai kwanan nan ya yarda a daina taya shi saka maɓallin riga, yaya za a ce masa hannunsa ya rage yadi talatin da biyar? Ta samu Makanike a garejinsa, ya goge baƙin mai a tsumma, ya ce shi ma ya gani tun ranar farko, amma bakinsa ba zai iya ba. Shi mai surutu, ranar kalmominsa ba su kai goma ba.

Sai ta yi dabarar da daga baya ta ji kunyarta. Litinin ta gaba, a rami na shida, da ya ce bakwai, ta zaro biyar, ta rufe lambar da babban yatsa, ta miƙa masa ta wajen mariƙi. Ya karɓa, ya ajiye kanta a bayan ƙwallo. Ko daƙiƙa biyu bai yi ba ya ɗago.

"Tela," ya ce a hankali, "hannuna ne ya shanye, ba kaina ba. Shekara nawa ina riƙe sandunan nan?"

Ya taka da kansa ya zaro bakwai, ya buga, ta faɗa ruwa. Ya ce ya gaji, su tafi gida. Makanike ya tsaya yana ta gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Kwana biyu ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa. A na uku da rana, tana yanka wani yadi, ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki ya ce abin da ya fi yi masa ciwo ba ruwan ba ne. Tun da ya kwanta kowa ke lallaɓa shi kamar ƙwai, likita, Auta, maƙwabta, ita kaɗai ce take gaya masa gaskiya ko da ɗaci. Yanzu ita ma ta shiga sahu.

Ta ajiye almakashi. Ta ce ta yi laifi, ya yi haƙuri. Sannan ta ɗauko kwalin maɓallin ta miƙa masa.

"Ga gaskiyar, Baban Auta. In mace ta zo min da awon shekara biyar da suka wuce ta ce in ɗinka a kai, ba na gardama da ita. Tef nake ɗaukowa. Wannan awonka ne na yanzu."

Ya daɗe yana kallon lambobin. Ta kawar da kai ta shiga tattara ƙyallaye, don ta san ba ya son a zuba masa ido. Can ya tambaye ta ta yaya ta auna. Ta gaya masa. Ya ce to ai akwai kuskure, takun mutum yana gajarta a hawa, yana tsawo a gangara, rami na uku kuwa duk hawa ne. Ta ce in ya fi ta sani, ya zo su sake. Ya ce zai zo ɗin.

Litinin ɗin da ta biyo ba su yi wasa ba. Suka tafi shimfiɗaɗɗen filin gwaji, Makanike ya kawo bokitin tsofaffin ƙwallaye. Kowace sanda Direba ya buga goma, Tela ta taka ta ƙirga. Yakan so a rubuta wadda ta fi nisa, ita kuma ta ce a'a, ta tsakiya za a rubuta, ba a yanka riga da awon ranar da mutum bai ci abinci ba. Suka yi ta musu, Makanike yana raba su yana ƙara zuga su. Da aka gama sakamakon bai yi wa kowa daɗi ba. Biyar ɗin ma da ta so ta yaudare shi da ita, ɗari da talatin da biyu take kaiwa. Da ya buga ta ranar, a ruwa za ta sauka. Huɗu tana tsallakewa sau uku cikin goma, sauran kuwa ƙasa-ƙasa suke tafiya.

Direba ya zauna a kan bokitin da aka kife. Sannan ya yi 'yar dariya, ya ce ashe ita ma maƙaryaciyar ba ta iya lissafi ba.

Da suka sake isa rami na shida bayan mako guda, ƙwallonsa ta tsaya taku huɗu bayan farin turken. Akwai 'yar iska tana busowa daga gaba. Ya tsaya ya dubi tuta, ya dubi ruwan, ya tsinki ciyawa ya saki ya ga inda ta nufa. Ya tambaye ta nawa ne zuwa bakin ruwa ta wannan gefen. Ta ce ɗari da goma sha huɗu. Ya ce ta ba shi tara.

Makanike ya buɗe baki zai yi magana, ta harare shi, ya rufe. Direba ya buga a hankali, ƙwallon ta tashi ta sauka a busasshiyar ciyawa, taku ashirin kafin ruwa. Suka taka zuwa wurin. Daga nan saura sittin zuwa tuta. Ya karɓi gajeriyar sanda mai kwantaccen baki, ya gwada lilo sau biyu, ya buga. Ƙwallon ta haye ruwan da sauran fili, ta dira a darduma, ta gangara ta tsaya kamar taku shida daga rami. Bugu biyu ya ƙara ta shiga. Bugu biyar ke nan a ramin da a da yake gamawa da huɗu, wani lokaci uku.

Makanike, wanda tasa ƙwallon ta faɗa yashi ya gama da bugu shida, ya ce wannan ai wasan tsofaffi ne, kuma ba adalci a ciki, mutum biyu sun taru a kan mutum ɗaya. Ya ce mako mai zuwa matarmu jakarsa za ta ja. Tela ta ce sai ya fara kawo wandon da ya ce za a rage masa tun bara.

Direba ya taka zuwa inda tuta take. Ya sunkuya da ƙyar ya zaro ƙwallonsa daga rami, da hannun hagu, ya goge ta a riga. A hanyar rami na bakwai ƙafar ta soma yi masa nauyi, ya dafa kafaɗarta suna tafe. Ya nuna mata wata bishiya can gefen dama, ya ce ta faɗi nisanta ba tare da ta taka ba. Ta ƙanƙance ido ta ce tamanin. Ya ce tamanin da biyar, akwai kwari a tsakani da ke cinye ido. Ta ce za ta taka ta gani, ya ce ta taka, shi zai jira ta a inuwa.