Takalmin Baba Ƙorafi

Sabuwa tana goge kayan kanta ta sama, ta buɗe kwalin baƙin takalmin fata, sai hannunta ya tsaya cak. Ƙafar dama lamba arba'in da huɗu, ta hagu arba'in da biyu. Ta juya su, ta sake juyawa, kamar lambar za ta ji kunya ta gyaru. Ba ta gyaru ba.

Wata bakwai ke nan tana aiki a shagon, amma sunan Sabuwa ya ƙi barinta, don har yau ba a ɗauki wata a bayanta ba. Irin wannan baƙin takalmi kwali biyu kacal aka kawo, kuma jiya da yamma ita da hannunta ta sayar da ɗaya. Ta tuna cunkoson da aka yi. Wani ya gwada arba'in da huɗu ya tafi bai saya ba, ana ta kiranta ta ko'ina, ta kwashi takalma ta cusa a kwali. Ke nan mai sayen ya tafi gida da dama arba'in da biyu, hagu arba'in da huɗu. Sai ta tuna ko wane ne.

Baba Ƙorafi ne. Duk shagon babu wanda ya san ainihin sunansa, amma kowa ya san muryarsa. Bai taɓa sayen takalmi ya kwana uku bai dawo da magana ba: yau fata ta yi tauri, gobe ɗinki ya karkace. Mai shago takan ce ko kyauta aka ba shi, sai ya dawo ya ce ledar ba ta da kyau.

Ga shi kuma makon jiya, da Sabuwa ta ba wata mata launin da ba shi ta zaɓa ba, mai shago ta kira ta gefe ta ce, "Kuskure ɗaya ya rage miki." Aikin nan shi ke riƙe da ita da mahaifiyarta, wadda ciwon baya ya kwantar tun bara. Tsoro ya kama ta sosai.

Kashiya, mai karɓar kuɗi, wadda ba abin da ke wuce mata, ta leƙo ta ga kwalin. Ta rage murya.

"Wa kika sayar wa?"

"Baba Ƙorafi."

"Kin shiga uku, 'yar'uwa." Ta waiwaya wajen ofis. "Ji nan. Tura kwalin nan can ƙarshen sito. In ya zo, ki ce shi ya musanya da hannunsa wajen gwaji. Wa zai yarda da shi ya bar ki?"

Sabuwa ta kai kwalin sito. Ta dawo, ta koma ta ɗauko shi, ta ajiye ƙarƙashin kanta. Daga nan duk motsin ƙofa sai gabanta ya faɗi. Abincin da ta zo da shi ma ko buɗewa ba ta yi ba. Sau biyu tana zuwa bakin ofis don ta faɗi gaskiya, sau biyu tana jin mai shago na faɗa a waya, ta juyo.

Wajen ƙarfe biyu ya shigo, daidai lokacin da mai shago ta fito tsakiyar shago.

"Ina yarinyar da ta sayar min da takalmi jiya?"

Mai shago ta yi murmushin da take ajiye wa irinsa. "Sannu da zuwa, Baba. In wata matsala ce, ni za ka gaya wa."

"Ba da ke nake ba."

Sabuwa ta fito daga bayan kanta. Kashiya ta ƙifta mata ido. Tsohon ya zauna a bencin gwaji, ya miƙe ƙafafu, sai a lokacin Sabuwa ta lura takalmin yana ƙafarsa.

"Wa ya gaya miki?" ya tambaye ta.

"Me fa, Baba?"

"Zancen ƙafata." Ya ɗage wandonsa na hagu. Idon sawun ya kumbura, ga tsohon tabon ɗinki ya zagaye shi. "Shekara ashirin da shida da babur ya taka ni. Tun lokacin hagun ta fi daman girma. In na sayi na dama, hagu ta yi kuka. In na sayi na hagu, dama ta yi ta iyo a ciki. Shi ya sa ba na cire na hagu a shago, ba na son a kalle ni. Sai in koma gida ya matse ni, in dawo in huce a kan fata da ɗinki."

Ya sauke ƙafar wandon.

"Yau da safe na taka har asibiti na dawo, ban zauna a hanya ko sau ɗaya ba. Matata ce ta kifa takalmin ta ga lambobin. Na ce mata, a ƙarshe dai an sami mai sayar da takalmi da ke kallon ƙafar mutum, ba aljihunsa ba."

Mai shago ta juyo tana kallon Sabuwa. Kashiya na gyaɗa kai a ɓoye, alamar ta karɓi yabon ta yi shiru. Da ta yi shirun, da magana ta ƙare. Amma tsohon na kallonta da idon godiya, ita kuwa kunya ta rufe ta, don jiya ko sau ɗaya ba ta kalli ƙafarsa ba.

Ta sunkuya ta jawo kwalin daga ƙarƙashin kanta, ta buɗe a gaban mai shago.

"Anti, kuskure na yi. Ga ragowar nan, ba mai sayensu a haka. Baba, ka yi haƙuri, ban san komai game da ƙafarka ba."

Mai shago ta ɗauki takalman, ta duba lambobin, fuskarta ta ɗaure. Sabuwa ta fara tunanin abin da za ta gaya wa mahaifiyarta.

Baba Ƙorafi ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Can ya nuna wani takalmi ruwan ƙasa da ke kan kanta.

"To, 'yata, sake yi min kuskuren nan da wancan. Ragowar ma ku haɗa min, duka zan biya. Akwai wani da muke haɗuwa a asibiti, shi ƙafarsa ta dama ce babba."

Sabuwa ta dubi mai shago. Matar ta rufe kwalin a hankali.

"Me kike jira? Baba na magana."

Sabuwa ta ɗauko ruwan ƙasan kwali biyu, ta durƙusa a gabansa, ta ce, "Baba, mu fara da hagun."