Koriyar Sitikar Auta

Shekara goma sha bakwai Dogo yana gyaran firji a tsakiyar gari, bai taɓa yin tafiyar da ta wuce taku ashirin daga motarsa zuwa ƙofar mai aiki ba. Sai wata Litinin aka wayi gari an shafa jan fenti a bakin kowane titi, daga shataletalen banki har layin masu tabarau, an kafa alluna cewa ba a tsayawa. Duk wanda ya tsaya, ma'aikatan da mutane suka laƙaba wa 'yan kwaɗo za su ɗaure masa taya da ƙarfe, ba za a kwance ba sai ya biya tara.

Fili ɗaya aka bari na ajiye motoci, can bayan tsohuwar tasha. Daga nan Dogo yake ɗora akwatin kayan aiki da tukunyar gas a baro, ya turo cikin rana, mutum mai shekara arba'in da tara, yana ba masu tafiya haƙuri su kauce. Kafin ya isa rigarsa ta jiƙe sharkaf, ƙanƙarar mai shago ta narke.

Duk wannan zai iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro shi ne ƙaninsa, Auta.

Auta direba ne, yana rarraba wa wani kamfani kaya a kantunan magani. Dogo ne ya koya masa tuƙi, shi ya raka shi neman aikin. Da dokar ta fito aka ce masu kai magani aikin gaggawa suke yi, aka manna musu koriyar sitika a gilashin gaba, faɗinta bai kai tafin hannu ba. Da ita Auta yake tsayawa kan jan fentin nan hankali kwance, har 'yan kwaɗo su ɗaga masa hannu.

Dogo ya je ofishin da ake bayar da ita, ya yi layin awa biyu. Ya ce wa matar da ke bayan tebur, “Ranki ya daɗe, maganin da suke kaiwa a firji ake ajiye shi. Firjin in ya mutu ni ake kira.”

“Gaskiyarka, Malam, amma masu gyara ba sa cikin jerin,” ta ce, idonta ya riga ya koma kan na bayansa.

Ranar hutu suka haɗu a gidan mahaifiyarsu. Inna ta dubi wuyan Dogo da rana ta ƙona, ta ce, “Kai ma ka nemi irin takardar ƙaninka mana. Shi ai gwamnati ta san da zamansa.”

Auta ya yi dariya. “Yaya, ni fa da safe ta layinku nake bi. Ka riƙa zuba kayanka a bayan motata, in sauke maka a ƙofar aiki.”

Da wani ne ya faɗa, da Dogo ya yi godiya. Amma sai ya hango kansa tsaye a bakin titi yana jiran yaron da ya goya ya zo ya kwashe shi.

“Ƙafata ba ta karye ba tukuna,” ya ce.

A hanyar gida matarsa ta ce, “Baban yara, me Auta ya yi maka?” Ya ce babu komai, ya ƙara muryar rediyo.

Bayan sati uku, yana turo baro ta layin masu kifi, ya hangi motar Auta a ƙofar shagon kifin da ya fi kowanne daɗewa a hannun Dogo. Firizoji shida ne a shagon, kowanne Dogo ya san kukansa. Ya tsaya bayan wata rumfa. Auta ya buɗe bayan motar, ya sauko da akwatin kayan aiki da tukunyar gas, ya miƙa wa Gajere, wani mai gyara da bai fi shekara biyu da buɗe shago ba. Mai kifin ya fito da fara'a ya ja Gajere ciki. Auta ya shiga kantin maganin da ke gefe da kwali ɗaya a hannu, yana yin fito abinsa.

Wani abu mai zafi ya taso wa Dogo daga ciki har kunnuwa. Kujerar da ya ƙi ce aka ba wani, ya sani, amma sanin bai sanyaya masa komai ba. Ɗan kwaɗo yana tsaye a kwana yana duba waya. Dogo ya ajiye baro ya matsa kusa da shi.

“Ofisa, tukunyar gas ma magani ce yanzu?”

“Kamar yaya?”

Dogo ya nuna motar da haɓa. “Tambayi mai kifi wa ya kawo masa mai gyara.”

Bai tsaya ya gani ba. Ya ɗauki baronsa ya yi gaba, a ƙasan ransa yana jin wani daɗi da ya ji kunyarsa.

Da yamma labari ya iso gida. An kankare sitikar da reza a gaban mutane, an dakatar da ita wata uku. Kamfani ya cire Auta daga tuƙi, ya mayar da shi sito yana ɗaga kwalaye. Inna ta yi ta jan Allah ya isa ga wanda ya kai ƙarar, Dogo yana zaune a gabanta yana kallon tabarma.

Ya ɗauka zai samu sauƙi, sai abin ya ƙi. Mai kifi bai dawo masa ba. Duk shagon da ya shiga kuma sai a tambaye shi, “Ina ƙaninka? Yaron kirki, wallahi layin nan ya yi shiru.” Mai tabarau har da ba shi saƙon gaisuwa. Shekara goma sha bakwai yana layin, bai tuna ranar da wani ya yi cigiyarsa ba in ba firji ne ya mutu ba.

Sati biyu yana juya abinci a kwano. Matarsa ta rufe ƙofar ɗaki wata safiya ta ce, “Kai ne, ko?” Ya kau da kai. Ta ce, “To ni ba zan faɗa ba. Amma ka je da bakinka.”

Ya sami Auta a bayan sito lokacin hutun rana, zaune kan kwali, tafin hannunsa duk kanta. Dogo ya tsaya a kansa ya fara kame-kame, daga ƙarshe ya ce, “Maganar sitikar nan, ni ne.”

“Na sani, Yaya.”

“Ka sani?”

“Tun ranar. Ofisan ya ce wani dogo ne mai baro. Dogo mai baro nawa ne a layin kifi?”

“Shi ne ba ka ce komai ba? Ko ga Inna?”

“In ce mata me? Hawan jininta ya tashi? Kuma ai na ɗauki Gajere, ba ƙarya ka yi ba.” Ya matsa gefe ya bar masa rabin kwalin. “Zauna mana, rana na dukanka.”

Dogo ya so a ce zaginsa ya yi, ko ya ci kwalarsa, da sun yi daidai. Ya dubi fuskar ƙaninsa yana neman ko ɗigon ƙiyayya, bai samu ba, sai ya ji har wannan sanyin zuciyar ma yana yi masa hassadarsa. Ya zauna. Auta ya miƙa masa gorar ruwa, ya karɓa ya sha, suna nan zaune har mai kula da sito ya leƙo ya ce mota ta iso, a zo a sauke kaya.